Dokar salula: kada a bar jaki a daki taiki

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Hawandawaki, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da ke jere a bakin iyakar gundumar Tasawa da jihar Katsina, ya san rumfar mai cajin salula. Ga ɗan inji yana kuka a bayan zana, ko faifan hasken rana a jingine, ga wayoyi jibge bisa tebur kowace da lambarta. A gefe kuma akwai saurayin da sana'arsa ita ce zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinan Kano cikin ɗan katin nan da ake kira memwar. Da yawa daga mutanen wannan yanki suna riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, rezon da ya fi ƙarfi shi suke bi.

Ba mai musun alherin da wannan ƴar na'ura ta kawo. Ɗan kasuwa yana zaune a Korgom yake jin farashin wake a Maraɗi da Dawanau kafin ya ɗora buhu ɗaya a mota. Tsohuwar da ɗanta ya tafi cirani Agadas ko Legas tana jin muryarsa kowace Juma'a. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba, bai san baƙi ba bai san wasali ba, yanzu saƙon murya ya ba shi baki a zaurukan WhatsApp, yana faɗin ra'ayinsa kan taki da haraji da halin hanya. To amma hanyar da alheri ya biyo ita sharri ya biyo, kuma waɗanda sharrin ya fi samu su ne waɗanda ba su da ƙarfin kare kansu, wato yara ƙanana.

Yadda abin yake faruwa sananne ne ga malaman makaranta da jandarmomi a ko'ina cikin ƙasashen nan. Babba ne yake samun lambar yarinya, ya yi ta aiko mata da kuɗin kati da daɗin baki har ta saki jiki, sa'an nan ya nemi hoton da bai kamata ba. Da zarar hoton ya shiga hannunsa, shi ke nan ya sami igiyar da zai ja ta da ita: ko ta ƙara wani, ko ta zo inda ya kira ta, ko ya watsa. Idan kuwa ya watsa, ba a bukatar intanet ma kafin abin ya game gari, domin daga waya zuwa waya ake tura shi a gindin bishiya, daga memwar zuwa memwar a rumfar kasuwa. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. To hoto ya fi ta, gama ita magana ana mantawa, shi kuwa hoto yana nan ajiye a aljihun mutane har yarinyar ta girma ta yi jikoki.

Kada kuma a zaci ƴan mata kaɗai abin ya shafa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ba da sanarwar rufe shafuna wajen 63,000 na Instagram a Najeriya, waɗanda masu su ke shiga rigar mata suna yaudarar maza, har da samari ƙanana, su karɓi hotunansu sa'an nan su nemi kuɗi. A watan Satumba na wannan shekara wata kotun Amurka ta ɗaure wasu ƴan'uwa biyu ƴan Legas shekara 17 da rabi kowannensu, saboda wani yaro mai shekara 17 da suka matsa wa da irin wannan barazana har ya kashe kansa a 2022. Tsakanin Legas da ɗakin da yaron yake akwai teku, amma tekun bai tsare komai ba. Balle iyakar da kabu-kabu ke ƙetarewa sau goma a yini.

A ƙasar Hausa akwai wani ciwo kuma a kan wannan ciwo. Idan irin wannan abu ya fallasa, yarinyar ce ake nunawa da yatsa. Sai ka ji ana cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, alhali kuwa daddawar da ake magana a kanta ba ta wuce shekara 13 ko 14 ba. Abin da uba yake fara tunani shi ne rufin asiri: a cire ta daga lakwal, a kai ta wajen gwaggonta a wani gari, ko a ɗaura mata aure da gaggawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana sahun gaba a wannan lissafi. Ke nan ƙofar da ake tura yarinyar ta fita daman a buɗe take. Shi kuwa wanda ya yi ɓarnar yana nan zaune a majalisarsa yana shan shayi.

Saboda haka doka ta zama dole, kuma an yi ta. A ƙarshen watan Yuni na 2019 Majalisar Dokoki ta amince da dokar yaƙi da laifukan da ake aikatawa ta intanet, aka sa mata hannu ranar 3 ga Yuli, tana ɗauke da lamba 2019-33. Nijar ba ita kaɗai ta yi tunanin ba. Ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, ta shiga ƙarin yarjejeniyar da ta haramta sayar da yara da sa su karuwanci da ɗaukar hotunansu na batsa a 2004. Ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar take cikinta a lokacin, ta umarci ƙasashenta su yi irin wannan doka a 2011, Tarayyar Afirka kuma ta yi tata yarjejeniya a birnin Malabo a 2014.

Abin da dokar 2019 ta faɗa game da yara a fili yake, kuma ya kamata kowane mai salula ya san shi. Laifi ne ɗaukar hoton batsa ko bidiyon batsa na yaro. Laifi ne watsa shi ko miƙa wa wani. Laifi ne kuma ajiye shi a waya ko a kwamfuta, ko da mutum ba shi ya ɗauka ba. Hukuncin ɗauri ne na shekaru a gidan kaso tare da tara mai nauyi. A nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa rami ba su sani ba. Alhaji ne za a turo wa bidiyo a zauren ƴan kasuwa, ransa ya ɓaci, ya tura wa zaure uku ya rubuta a ƙasa cewa iyaye su ga abin da zamani ya kawo. Niyyarsa gargaɗi, amma a wajen yarinyar da ke cikin bidiyon babu bambanci tsakaninsa da wanda ya tura don dariya: ko wanne ya ƙara yawan idanun da suka ga tsiraicinta. Haka saurayin rumfar memwar da ke cewa shi dai abin da aka nema yake zubawa. Mai sayar da kayan sata bai taɓa kuɓuta da cewa ba shi ya fasa shagon ba.

Shin hana irin waɗannan hotuna ya taɓa ƴancin faɗar albarkacin baki? Ko a Amurka, inda ake ji da wannan ƴanci fiye da ko'ina, kotun ƙoli ta amsa tambayar tun 1982, a shari'ar da ake kira ta Ferber. Ta ce hoton batsa na yaro ba ra'ayi ba ne da tsarin mulki zai kare, domin ba a samun sa sai an cuci yaro, kuma duk lokacin da aka sake watsa shi an sake cutar. Babu ɗan jarida, babu malami, babu ɗan adawa da ya taɓa bukatar irin wannan hoto don ya faɗi gaskiyarsa. Da a ce dokar 2019 ta tsaya nan, da babu abin cewa sai sambarka.

Sai dai ba ta tsaya nan ba. Cikin wannan kundi ɗaya, ba nisa da ayoyin da suka shafi yara, akwai aya ta 29 a kan ɓata suna, da ta 30 a kan zagi, da ta 31 a kan watsa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a ko zubar da darajar ɗan Adam. Aya ta 31, yadda aka rubuta ta a 2019, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Kuma ta dalilin waɗannan ayoyi uku ne dokar ta yi suna a ciki da wajen ƙasa.

Ranar 5 ga Maris na 2020 aka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda a Yamai, saboda ya rubuta a shafinsa cewa ana zaton an kai wani mai cutar korona babban asibiti. Ya yi mako uku a tsare, aka yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 3 ranar 26 ga wata, alhali gwamnati da kanta ta riga ta sanar da shigowar cutar ƙasar ranar 19. Ranar 10 ga Yuni na wannan shekara aka kama Samira Sabou, bisa ƙarar da Sani Mahamadou Issoufou, ɗan shugaban ƙasa na lokacin, ya shigar. Ta yi rubutu ne a Facebook kan binciken kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro, wani mai karatu ya zo ƙasan rubutun ya ambaci sunan da ita ba ta ambata ba. Ta kwana 48 a gidan kaso na Yamai kafin kotu ta ce babu laifi ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. A farkon Janairu na 2022 kuma aka yanke wa Moussa Aksar na jaridar L'Événement ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 2, ita Samira Sabou wata 1, don sun sake watsa rahoton wata ƙungiya ta ƙasashen waje kan fataucin miyagun ƙwayoyi. Cikin waɗannan shari'u ba a ambaci yaro ko ɗaya ba.

Wanda ya san tarihin bakin ƴan Nijar zai gane nauyin wannan al'amari. Kafin 1990 jarida ta gwamnati ce, rediyo na gwamnati ne. A wannan shekara Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haske, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan sabon zamani. Le Républicain ta Maman Abou ta biyo a 1991, shekarar da aka yi Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba. Duk da haka an yi shekara 20 ƴan jarida suna shiga kaso suna fita, sai a watan Yuni na 2010, a zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka yi dokar da ta soke ɗauri a kan laifukan aikin jarida. A ƙarshen 2011 Mahamadou Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a sanarwar Table Mountain, mai kira da a daina ɗaure mutane don ɓata suna. Abin da dokar 2019 ta yi shi ne ta buɗe taga bayan an rufe ƙofa: maganar da in an buga ta a takarda tara ce kawai, in an rubuta ta a salula ta zama kaso.

A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, aka gyara dokar aka cire ɗauri daga ayoyin ɓata suna da zagi, aka bar tara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a wata doka ranar 7 ga Yuni na 2024 wadda ta maido da ɗaurin, har ta ƙara masa nauyi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna da zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 a kan bayanan da ka iya tada hankalin jama'a, ko da kuwa bayanan gaskiya ne. Ma'aikaci ya yi lissafi: mafi ƙarancin albashi da aka tsaida a farkon 2024 jika 42 ne a wata, ke nan mafi ƙarancin wannan tara ya kusa albashin shekara 4.

Adalci ne a ji hujjar hukuma. Ministan shari'a na lokacin, Alio Daouda, ya bayyana cewa tun da aka cire ɗauri zage-zage da ƙazafi suka yawaita a shafukan sada zumunta, kuma manufar gyaran ita ce daidaita ƴancin magana da mutuncin mutane da zaman lafiyar ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ɗan kasuwar da aka taɓa yi wa ƙaryar cewa yana sayar da jabun taki, saƙon murya ya zagaye kasuwanni biyar kafin la'asar, ya san baki shi ke yanka wuya. Ma'aikaciyar da aka haɗa wa hoton ƙarya don a raba ta da mijinta ita ma ta sani. Ƙasar da ke fama da ƴan bindiga a yammacinta da gabashinta da kudancin Maraɗi tana da dalilin tsoron jita-jita. Tambayar dai ita ce ko maganin da aka kawo daidai yake da ciwon.

A nan ne bambancin ayoyin biyu yake fitowa. Ayar da ta shafi yara ta faɗi abin da ta hana da sunansa. Jandarma ya buɗe waya, ko hoton yana ciki ko ba ya ciki. Alƙali ya duba shekarun yaro, ko ya kai ko bai kai ba. Mai gaskiya ya san iyakarsa, yana barci da minshari. Ita kuwa ayar tada hankalin jama'a, wa ya san bakinta? Hankalin wa? Wanda ya ce an karkatar da hatsin tallafi a wata ƙaramar hukuma ya tada hankali, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Wanda ya ce rijiyar da aka rubuta an gina babu ita a ƙasa, shi ma ya tada hankali. Dokar da talaka bai san inda ta fara da inda ta ƙare ba, abin da take koya masa ɗaya ne: ya kama bakinsa a kan komai.

Kotun ƙolin Amurka ɗin nan da ta yanke hukuncin 1982, ita ce kuma a 1997 ta rushe wani ɓangare na dokar da majalisarsu ta yi a 1996 da sunan kare yara daga rashin ɗa'a a intanet. Dalilinta shi ne kalmomin dokar ba su da iyaka, za su sa manya su ji tsoron faɗin abin da halal ne su faɗa. Kotu ɗaya, manufa ɗaya ta kare yara, hukunci biyu: ta karɓi dokar da ta nuna laifi da yatsa, ta ƙi wadda ta jefa taru a kan kowa. Maƙwabciya Najeriya ma ta bi ta wannan hanya. Dokarta ta 2015 tana da sashe na 23 a kan hotunan batsa na yara, da sashe na 24 wanda aka yi ta kama ƴan jarida da masu sukar gwamnoni da shi. A watan Yuli na 2020 kotun CEDEAO ta ce sashe na 24 ya saɓa wa ƴancin magana, aka gyara shi a watan Fabrairu na 2024, ko da yake kamen bai tsaya cak ba bayan gyaran.

Mutanen wannan yanki, masu sayen finafinan Kano, suna iya tuna abin da ya faru a 2007. Wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya fita ba da yardar matar da ke ciki ba, ya zagaye arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Babbar mace ce, amma darasin ya shafi maganar yau. Ita aka tsine wa har ta ɓuya, sa'an nan hukumar tace finafinai ta dakatar da ɗaukar fim na wata 6, aka ɗaure wasu masu sana'ar a kan laifukan da ba su da alaƙa da bidiyon, aka bi marubuta littattafai da rajista. Dubban da suka yi ta tura bidiyon daga waya zuwa waya kuwa, su da suka yi ainihin ɓarnar, suna cikin masu tofin Allah tsine. An bar jaki, an daki taiki.

Ko na'ura ma tana yin wannan kuskure. A 2016 Facebook ya goge shahararren hoton nan na 1972, na yarinyar Biyetnam da ke gudu tsirara bayan an jefa wa ƙauyensu bam mai ƙuna, har ya goge shi daga shafin firaministar Norway, kafin surutu ya sa ya maido shi. Hoton da ya nuna wa duniya abin da yaƙi ke yi wa yara, shi aka ɗauka hoton batsa. Akwai dabara mai kyau da ake kira PhotoDNA, wadda aka ƙirƙiro a 2009, mai gane hoton da aka riga aka tabbatar na laifi ne ko da an canza masa girma. Amma da kamfanin Apple ya ce a 2021 zai sa irin wannan bincike cikin wayoyin mutane, masana suka tambaye shi: idan gobe wata gwamnati ta ce a ƙara hoton ɗan adawa a jerin abin da ake nema fa? Kamfanin ya janye shirin a ƙarshen 2022. Tarayyar Turai ta shafe shekaru tana gardama a kan irin wannan shiri da aka gabatar mata a watan Mayu na 2022. Tambayar ba baƙuwa ba ce a Nijar, inda aka yi dokar sauraren wayoyin mutane a 2020, aka kuma katse intanet na salula kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu na 2021.

To a dawo Hawandawaki. A ɗauka wani mushe ne a wata makaranta ya lura ɗalibarsa ta daina zuwa, ya bi sawu ya gano cewa wani mai hannu da shuni, ko wani mai ɗan muƙami, shi ke riƙe da hotunanta. Mushen nan ma'aikacin gwamnati ne, yana da mata da ƴaƴa, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ya ji labarin waɗanda suka kwana a kaso saboda rubutun salula, ya ji an ce ko gaskiya ce ana ɗaure mutum. Bai karanta dokar ba, bai san cewa kai ƙara wajen hukuma daban yake da watsa zargi a zaure ba. Abin da ya sani shi ne mai ƙarfi yana iya juya magana ta koma ɓata suna. Me zai yi? Mafi yawa za su ce Allah ya kyauta, su juya allo. Uwar yarinyar ma haka, mai rediyon gari ma haka. Ke nan tsoron da aya ta 31 ta shuka, mai cutar yara ne yake girbe shi.

Wannan shi ne abin da masu cewa a zaɓi ɗaya, ko yara ko ƴanci, ba su lura da shi ba. Mai lalata yara ba ya tsoron kundin doka da ke ajiye a Yamai; abin da yake tsoro shi ne ranar da yarinya za ta buɗe baki a yarda da ita, da ranar da maƙwabci zai ce ya gani. Duk inda aka tona irin wannan asiri a duniya, a makarantu ko a wuraren ibada ko a gidajen manya, da bakin wani aka fara, sau da yawa bakin da aka so a rufe. Garin da aka koya wa mutanensa shiru, yaransa ne suka fi zama cikin hatsari.

Abin da ya dace a nema daga masu mulki ba shi da wuyar faɗa. A raba tsaba da tsakuwa: ayoyin da ke kare yara a ƙarfafa su, a fassara su da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta su a rediyon gari da masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, domin dokar da aka rubuta da Faransanci kaɗai ba ta isa rumfar mai memwar ba. A bai wa sashen kare mata da yara na ƴan sanda da na jandarma kayan aiki da horo har su iso Tasawa da Mayahi, a haɗa hannu da hukumomin Katsina tun da laifin yana da layi biyu. A tabbatar wa wanda ya kai rahoton cutar da yaro da kyakkyawar niyya cewa ba za a juya masa magana ba. Ayar tada hankalin jama'a kuma a yi mata shinge, a faɗi abin da take nufi dalla-dalla, a cire gaskiya daga cikin abin da ake ɗaure mutum a kansa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ke hannun mai karatu. Wanda aka turo wa irin wannan hoto kada ya tura wa kowa, ko da sunan gargaɗi, kada kuma ya ajiye. Idan ya san yaron ko ya san mai laifin, ya nufi jandarma ko ƴan sanda ko alƙalin yara, wanda dokar Nuwamba ta 2014 ta ɗora wa alhakin kare yaron da ke cikin hatsari, ya yi bayani da bakinsa a ofis, gama zargi a zauren WhatsApp yana tona asirin yaron ne ya kuma ba mai laifi makami. Mai kula da zaure ya gaya wa jama'arsa ƙa'ida tun kafin abin ya faru. Maigari da liman, in aka kawo musu irin wannan magana, su tuna cewa sulhun da ya ƙare da aurar da yarinya da sallamar mai laifi gayyata ce ga na gaba. Uba kuwa, ranar da ƴarsa ta zo masa da kuka, kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ita za ta yanke ko ƙanwarta za ta faɗa masa nata in ya same ta.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. In haka ne, to kowa yana bukatar bakin da zai yi magana a kansa. Allah ya tsare zuri'a, ya ba shugabanni ikon bambance jaki da taiki.